Rijiyar da Muka Yashe a Shekarar Mura

Ran nan na biyo ta bayan kasuwar dabbobi na tarar da ku kuna ginar rijiya, rediyo na ta kuka a kan buhun siminti. Wanda ke ƙasa bai san abin da na sama ke yi ba, na sama kuma hankalinsu yana kan mai tallar fura. Na tsaya na leƙa, ɗayanku ya ce in matsa kada in faɗa. Ni za a gaya wa bakin rijiya! Sannan ya ƙara da cewa wai rijiya ai rami ce, duk mai hannu biyu ya iya rami. Ban tanka masa ba, don numfashina ba ya kai ni doguwar gardama a tsaye. Amma yanzu na sami wuri na zauna, sai ku saurara.

Rijiyar farko da aka zura ni cikinta tana can arewa, wajen Azagor, tun Nasara ba su kafa barikinsu a Dakoro ba. Kafin wannan rana na daɗe a hannun ubangidana, Baba Labo, ban taɓa dagi ba. Igiya ya fara ba ni. In yanko kaba, in jiƙa, in tufka, shi kuma ya zauna ya bi ta da yatsa tun daga kai har gindi. In ya sami wuri guda mai laushi sai ya sa wuƙa ya datse, ya jefo mini ko dubana bai yi ba. Daga igiya na koma kwasar ƙasa, daga nan na koma riƙon igiyar mutum, kuma a nan na fi daɗewa. Baba Labo ba ya zura wanda bai taɓa jin nauyin ɗan'uwansa a tafin hannunsa ba. Ku kuwa yaro zai zo neman aiki da safe, kafin hantsi kun ɗaura masa igiyar roba kun jefa shi.

Kayan aikinmu ba su cika jaki guda ba. Gajeren dagi, ƴar fartanya mai guntuwar ƙota, wasaki na fatar sa wanda ake kwaso ƙasa da shi, kura wadda igiya ke bi ta kanta, fitilar man gyaɗa, sai igiya biyu: ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta mutum. Ba a taɓa haɗa su aiki. Ƙasar nan tamu kuwa ba irin ta gulbin Maraɗi ba ce, inda mace za ta tona da sakaina ta ɗebi ruwan girki. A nan sai ka yi gaba talatin, gaba arba'in kana bin rairayi, rairayin da ke neman binne ka tun kana da rai. Don haka kowane tsayin mutum da muka gina sai mun ɗaure shi da itacen ƙirya, mu sassaƙa bakunan su kama juna, mu cusa gamba ta baya don kada ƙasa ta zubo. In ka kai gindi ka ɗaga kai, bakin rijiya bai fi bakin ludayi ba.

Amma ba ƙasa ce ta fi kashe magina ba. Iska ce. Can ƙasa iska tana mutuwa, ba ta wari, ba ta hayaƙi, mutum dai zai ji kasala, ya ji yana son ya ɗan zauna, shi ke nan. Da safe mukan zura fitila mu gani. In harshenta ya ƙanƙance sai mu ɗaura damin ganyen sabara mu yi ta jan shi sama da ƙasa har sabuwar iska ta shiga. To amma fitila labarin safiya kawai take bayarwa, iskar da ke da rai da hantsi tana iya mutuwa da azahar. Shi ya sa muke da doka biyu. Ta farko, wanda ke ƙasa ba ya kwance igiyar jikinsa ko da za a ba shi garin. Ta biyu, wanda ke ƙasa waƙa yake yi, ba ya tsayawa. Kowace iri ce, ta noma, ta daɓe, ta zagin surukinsa, mu dai mu ji ta. Waƙa numfashi take ci, kuma ita ce ke fara yankewa tun mai ita bai san ya shiga uku ba. Ba a kira shi a tambaye shi lafiya, don mutum yana iya amsa na'am alhali ya riga ya tafi rabi. In waƙa ta yanke, ja ake yi. Baba Labo muryar jaki gare shi, amma haka ya yi ta rera mana ita har ya tsufa, kuma a kan tabarmarsa ya mutu.

Masu kiranmu aiki kuwa, Allah ya shirye su. A ƙasar nan duk wanda ya sa aka gina rijiya shi ne mai gari, sunansa ake sa wa wurin. Don haka suna zuwa da kai a ƙasa, baki cike da Baba da Yaya. Akwai wani da ya kafe sai a gina masa a ƙofar gidansa, wai ya yi mafarki. Baba Labo ya ce masa dutse ne a ƙasa, ya ce shi mafarkinsa ba ya ƙarya. Muka yi ta gina har dagi ya fara tartsatsin wuta, sannan ya ce wai mu muka karkace. Bafulatani ya fi sauƙi, zai tsuguna nesa da sandarsa, tambayarsa guda ce, ko ruwan zai ishi shanu. Manoma ne annoba. Su taru a baki suna ba ka shawara, suna turo maka rairayi a ka da ƙafafunsu. Ranar da ruwa ya fito a yi guɗa, a yanka akuya, a yabi mai gari. Bayan wata guda ka wuce ta garin, sai a tambaye ka daga ina.

Da Baba Labo ya rasu sai muka ci gaba da ɗansa Nomau. Ya girme ni, Yaya nake ce masa. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, yana cin tuwon mutum uku, kuma shi Allah ya ba shi muryar da ya hana ubansa. In yana ƙasa yana waƙa, mata masu zuwa itace sukan sauke kaya su tsaya. Muna da mutanenmu na igiya waɗanda muka horar da kanmu, waɗanda ko suna cin goro suna hira kunnensu guda yana cikin rami. Haka muka yi ta yawo tsakanin Dakoro da Bader Goula har shekarar mura, ƴan shekaru kafin Nasara su tattara nasu su tafi.

Da kaka murar ta zo, gero ya nuna. Takan fara da ciwon kai, sai jiki ya yi kamar an kwana ana dukansa, sai zazzaɓi, sai tari. Ba ta ɗaukar mutum ɗaya a gida, duka take kwantarwa, har a rasa mai hura wuta. Tsofaffin da suka ga marisuwa, babbar annobar mura ta zamanin da, suna yara suka ce wannan ba komai ba ce, kuma gaskiyarsu ne, mafi yawa sun tashi. Sai dai ta kwashi tsofaffi, ta kwashi jarirai da masu ciki, ta kuma koma ta kwashi waɗanda suka yi gaggawar miƙewa. Gero ya tsaya a gona tsuntsaye suka yi biki. Ranar kasuwa ka ji raƙuma na kuka ba dillali ko ɗaya. A masallaci liman na karatu ba a jin sa, tari ya rufe sahu daga farko har ƙarshe. Aka sha citta, aka sha kanumfari, aka turara duk abin da ke hayaƙi. Wanzamai suka yi ta ƙaho har su ma suka kwanta.

Nomau ya riga ni kamuwa, ya riga ni tashi. Da ya je gidan likita karɓo mini ƙwaya, anfirme, wato ma'aikacin jinya, ya dube shi ya ce masa wanda ya tashi daga wannan ciwo ƙirjinsa ɗanye ne, kada ya taɓa aikin ƙarfi sai wata ya kama. Ya ce kuma a riƙa ba marasa lafiya ruwa da yawa. Mutumin bai yi ƙarya ba. Amma cewa a sha ruwa da yawa magana ce mai sauƙi a bakin wanda ake cika wa randa kowace safiya.

Ina kwance, muryata ta dushe ƙurmus, sai ga wani mai gari a kan jaki. Ba zan faɗi sunan garinsa ba, jikokinsa suna nan. Mu muka gina masa rijiya a shekarun baya, kuma tun ranar guɗa bai sake sanin hanyar gidanmu ba. Ya durƙusa gaban Nomau yana tari.

"Nomau, don Allah don Annabi. Gindin rijiya ya ruhta, tabki ya koma laka. Ɗiyanmu na kwance da zazzaɓi, laka muke tace musu."

Nomau ya gaya masa cewa mutanenmu na igiya an binne ɗaya, sauran suna kwance. Mai gari ya ce igiya ai igiya ce, yana da mutane. Kun ji ko? Irin maganarku ce sak. Na kama rigar Nomau na girgiza masa kai. Shi kuwa sai ya tambayi mai gari yara nawa aka binne. Da ya ji amsa sai ya tashi ya fara naɗe igiya.

"Kai Arzika, tashi mu tahi," in ji shi. "Ba aiki za ka yi ba. Kunnenka nike so."

Mutanen da mai gari ya tara su ne duk wanda ƙafarsa ta iya ɗaukarsa: ƴan magidanta masu rawar jiki, mata, da wani Buzu da ya kawo takarkarinsa, wato san da zai riƙa jan wasakin ƙasa. Akwai kuma wata tsohuwa, Inna Hajo, wadda mura ta tsallake ta, ita ke kawo mana kunu. Nomau ya tsaya ya bayyana musu dokar waƙa, ya maimaita. Suka yi ta gyaɗa kai irin na mutanen da ke jira ka gama. Kwanakin farko aiki ya tafi. Ya kwashe itacen da ya zube, ya sake ɗauri, yana fitowa akai-akai ya kwanta ya huta. Waƙar tana fitowa, sai dai ba tasa ba ce ta da. Ta yi gajarta, kuma wuraren da yakan ja murya sai ya tsallake su.

Ranar ƙarshe wasaki ya fara fitowa da danshi. Labari ya shiga gari, duk mai iya rarrafe ya fito da tulu. Mai gari ya tsaya yana damƙar rairayi yana nuna wa mutane. Wajen azahar zazzaɓina ya taso har na fara ganin mutum biyu-biyu, sai suka ɗauke ni daga bakin rijiya suka kwantar da ni a gindin wata aduwa, wai tausayina suke ji. Daga can nake saurare ta cikin hayaniyarsu. Na ji waƙa, sai tari ya katse ta, ta dawo. Ta sake yankewa, ta dawo guntuwa. Daga nan ba ta dawo ba. Tari ne kawai ke fitowa daga ramin.

Na ɗaga hannu, ba wanda ya duba. Na buɗe baki, iska ce ta fito. Na rarrafa a kan gwiwa har na kama ƙafar mai gari, ina nuna masa igiyar mutum, ina yi masa alamar a ja. Ya sunkuyo ya dafa kafaɗata kamar mai lallashin yaro.

"Kwantar da hankalinka, Arzika. Ga shi nan shina tari, ba ka ji ba? Mai tari rai gare shi. Wa ka gani garin ga da ba shi tari? Bari shi cika muna wasaki guda."

Masu riƙe da igiya suka gyaɗa kai, su ma suna tari. Na daɗe ina juya wannan magana. Mutanen nan sun yi makonni kunnensu cike da tari. Uwa takan tsaya a ƙofar ɗaki ta kasa kunne, in ta ji ɗanta ya yi tari sai ta ce alhamdulillahi, don ɗakin da ya yi shiru shi ne ake shiga da kuka. A wurinsu tari albishir ne. Na san haka, na fahimce shi, kuma har gobe ban yafe musu ba. An gaya musu waƙa. Ba a ce musu tari ba.

Na saki ƙafarsa na kama igiyar da kaina na fara ja da ɗan ƙarfin da ya rage mini. Inna Hajo ce ta fara ganewa. Ta ajiye ƙwaryarta ta zazzage su tas, ta ce ko su ja ko su ba mata wuri. Suka ja. Tun a jan farko hannuna ya gaya mini abin da ya faru, don igiyar ba ta da nauyi. Ta fito fayau, bakinta a kwance. Ba tsinkewa ta yi ba, igiyata ba ta tsinkewa. Kwance ta aka yi da hannu. Nomau, ɗan Baba Labo, wanda ya taɓa marin wani don ya sassauta ƙulli, shi ne ya kwance igiyarsa, saboda tana matse masa ƙirji duk lokacin da tari ya taso.

Nan fa kowa ya ja da baya. Mai gari ya fara salati, magidanta suka fara duban ƙasa. Na nuna wa matan damin sabara, suka yi ta jan shi sama da ƙasa, ni kuma ina ɗaura wa kaina igiya. Ba ni da muryar waƙa, don haka na jawo Inna Hajo na raɗa mata a kunne cewa zan riƙa buga dagi a jikin itace, in ta ji bugu ya tsaya ta sa a ja, kada ta saurari kowa. Ta ce, "Tahi, ɗana. Ni ka riƙe ka." Aka zura ni tare da igiyar takarkari. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba tun ranar da aka fara zura ni.

Ƙafata ta sauka cikin ruwa mai sanyi har ƙwauri. Ashe Nomau ya gama aikin. Ya ɗaure gindin tsaf, ya buɗe idon ruwan, ga shi yana ɓuɓɓugowa. Shi kuma yana zaune ya jingina da ɗaurin, ruwa ya kai masa kwankwaso, leɓɓansa sun yi toka-toka, yana wani ɗan tari da bai fi na jariri ba. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi ruwan.

"Ta kawo," in ji shi.

Da hannu ɗaya nake ɗaura shi, ɗaya hannun yana buga dagi. Na girgiza igiya, Buzun ya kora sansa, na ga ƙafafun Nomau suna tafiya sama suna ɗigar mini da ruwa a fuska. Yadda ni na fito ban sani ba. An ce bugu ya tsaya, Inna Hajo ta sa aka ja. Tun daga ranar ƙirjina bai sake cika da iska ba, ku ma kuna jin yadda nake tsayawa a tsakiyar magana.

Aka kwantar da shi a gindin aduwa. Aka shafa masa man shanu a ƙirji, aka yi masa fifita, aka tofa masa duk addu'ar da aka sani. Numfashinsa yana fita kamar zugazugin da ya huje. Bai sake magana ba. Bayan la'asar kaɗan ya cika, kansa a kan cinyata.

Ban ɗago ba sai na ga ƙafafun mai gari a gabana. Ashe har ya sa an zura guga. Yana riƙe da ƙwarya cike da ruwa, bayansa kuma mutanen gari ne a jere da tuluna da goruna, wasu a tsaye, wasu a zaune don ba sa iya tsayuwa. A al'adarmu ba mai kai ruwan rijiya bakinsa sai wanda ya buɗe ta ya fara sha. Wannan dokar kam sun riƙe ta, don suna tsoron kada ruwan ya gudu.

"Allah shi jiƙan Nomau," in ji shi. "Sha, Arzika. Mutane na jira."

Na dubi ƙwaryar. Maƙogwarona a bushe yake kamar nasu. Na karɓa, na ajiye ta kusa da kan Nomau, na nuna masa gawar, na nuna masa rijiyar. Ya yi kamar bai gane ba. Inna Hajo ta ce masa, "Ba Arzika ya buɗe ta ba. Wanda ya buɗe ta ga shi nan kwance, kuma sai an yi mishi wanka."

Liman yana ɗaki ba ya iya tashi, don haka ni na wanke shi. Aka kafa zana aka kare mu. Ƙwarya guda ba ta wanke ƙato irin Nomau, sai da aka yi ta jawo guga bayan guga, ana tacewa da tsumma, ana bi da shi ta tsakiyar mutanen nan masu fasassun leɓɓa, ta gaban yaran da ke goye jikinsu zafi rau. Ba wanda ya miƙa hannu. Na wanke masa rairayin da ke cikin kunnuwansa da gemunsa, na bi ƙirjinsa a hankali inda igiya ta bar masa shaida. Ban yi sauri ba, kuma ban ga dalilin yin sauri ba.

Sai da na kusa gamawa na lura da wani abu. Tun da na fara wankan nan ban ji tari ko ɗaya daga bayan zana ba. Gari guda na masu mura, manya da yara, kowa ya danne nasa a ƙirji, har ina jin ɗigar ruwa daga guga. Da sun yi irin wannan shirun da azahar, da sun ji abin da na ji.